Jirgin da Bai Cika Ba

A shekarun da aka fara kai sojojinmu Darfur aikin kiyaye zaman lafiya, yayana yana cikin waɗanda aka ɗauka. Ni a lokacin gyaran babur nake yi a cikin garin Zuru, a inuwar wata bishiyar dogon yaro kusa da tasha. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma a gidanmu wannan ya isa a riƙa nemana duk sa'ad da aka ji wani abu a rediyo ba a gane ba. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Baba yana ƙauye a gindin dutse, can wajen Manga, yana noman dawa. Matar yayana ta baro bariki da 'ya'yanta biyu, ta koma ƙauyen don ta zauna da shi har mijinta ya dawo.

Baba yana da nasa awon nisa. Bai san mil ba, agogo kuma bai taɓa ɗaurawa ba. In aka ambaci wani gari, tambayarsa ɗaya ce: "A ina ake kwana?" Da ƙuruciyarsa ya sha ɗaukar kaya a ka zuwa Kontagora, kuma har ya tsufa yana iya lissafa maka gindin itatuwan da suka kwana. A wurinsa, garin da sai ka kwana a hanya kafin ka isa, shi ne nesa. Garin da za ka tashi da safe ka isa rana ba ta faɗi ba, mutanensa maƙwabta ne. Wanda ke nesa ana yi masa uzuri a kan komai. Maƙwabci kuwa, in aka ce ba ka da lafiya bai zo dubiya ba, ko aka yi rasuwa bai zo ba, to shi ya yanke zumunci da hannunsa, kuma Baba ba ya sake cin abinci a kwano ɗaya da shi. Haka ya tarar da iyayensa suna yi. Zuwan mota bai sa ya sassauta ba, sai ma dai ya ƙara yawan mutanen da yake jin haushinsu, don garuruwa da yawa sun koma maƙwabta.

Bayan tafiyar yayana, Baba ya rage cin abinci. Matar yayana ta aiko mini cewa tuwo yana kwana a kwano. Ba ya cewa komai, sai dai ya je gona ya dawo, ya zauna a kan dutsen ƙofar gida. Ya tambayi duk wanda ya sani inda Darfur take, ba wanda ya iya gaya masa a ina ake kwana.

Kusa da inda nake aiki akwai shagon wani Ibo mai sayar da kayan babur. Yana da wayar salula da mutane ke biya su kira, kuma lambarsa yayana ya tafi da ita. Wata rana da hantsi ina kwance da injin wani babur a gabana, sai na ji mai shagon yana ƙwala mini kira.

"Makanike! Zo, ɗan'uwanka ne daga ƙasar waje! Tsaya, goge hannunka tukuna. Wayata ba ta shan baƙin mai."

Na goge a wando na karɓa. Muryar tana zuwa tana yankewa.

"Ƙane, kana jina? Yaya Baba?"

"Lafiya lau, Yaya. Sai dai ba ya cin abinci. Yana ta tambayar nisan wurin."

Ya yi dariya. "Wane nisa? Mun karya kumallo a filin jirgin Abuja, muka shiga. Kafin yunwar rana ta kama mu mun sauka a El-Fashir. Awa huɗu ne ko biyar, ban duba ba, ina ta fama da cikina. Ka ce masa ya fi zuwa Birnin Kebbi sauri in damina ta ɓata hanya."

Ranar Asabar na hau babur na tafi ƙauye da wannan labari kamar mai ɗauke da kyauta. Na tarar da Baba a kan dutsensa. Da yarenmu muke magana da shi, Hausarsa ta kasuwa ce kawai, amma zan faɗi abin da ya ce da Hausa.

"A ina suka kwana?"

"Ba su kwana ba, Baba."

"Kai auta, ka ji tambayata kuwa?"

"Na ji. Da safe suka tashi, kafin azahar sun isa. Jirgin sama ne."

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya bushe da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun Inna tana raye. Ya kira matar yayana. "'Yata, kawo mini tuwon nan. Ashe mijinki yana nan bayan gidanmu muke ta zaman makoki!"

Ya cinye kwanon tas. Washegari bayan an tashi daga coci ya tsaya a bakin ƙofa yana gaya wa kowa cewa ɗansa bai kai Birnin Kebbi nisa ba, kuma autansa ne ya binciko. Ina tsaye a gefe ina jin daɗi. Na san jirgin ba kullum yake zuwa ba. Na san soja ba ya tashi don ya ga dama. Ban faɗa ba, don ba a tambaye ni ba, kuma ina son yadda tsofaffi suke kallona.

Daminar ta wuce lafiya. Yayana yakan kira jefi-jefi, in kai saƙon gaisuwa ƙauye, Baba ya ce a gaishe shi, a ce masa dawa ta yi kyau. Da aka gama girbi sai ƙafafunsa suka fara kumbura. Da farko ya ce ƙaya ce. Daga baya numfashi ya fara yi masa wuya in ya hau tudu, sannan ya daina hawa tudun.

Ranar da na je na tarar ba ya iya tashi sai an riƙe shi, ya sa aka fitar da yaran, ya ce mini, "Ka kira yayanka ya zo. Ina da magana da shi."

Mu ba ma iya kiransa, sai dai shi ya kira. Na bar saƙo a bariki wurin wani abokinsa, na zauna ina jira a shagon Ibo. Da kiran ya zo na gaya masa komai.

"Ƙane, babu jirgi. Sai ranar da za a canja mu, kuma an ɗaga ranar. Na je wurin oga, ya ce ko shi uwarsa ta rasu bai je ba. Ka lallashe shi. Ka ce masa ina nan tafe da zarar an sake mu."

Na kai saƙon yadda aka ba ni. Baba yana kwance a tabarma a inuwar rumbu.

"Babu jirgi," ya maimaita. "Wanda ya kai su fa? Ya mutu?"

"Yana nan, Baba. Amma ba ya tashi sai an tara su duka."

Ya gyaɗa kai, kamar yanzu ne ya gane. "To, bai cika ba ke nan. Ka ga bunsurun nan da tumakin biyu? Ka kai su kasuwa. Ka aika a biya kujerun da suka rage, direban ya taso."

Haka ya yi lokacin ciwon Inna. Motar Zuru ta ƙi tashi don saura mutum uku, ya biya kuɗin kujerun, aka tafi da Inna asibiti. A wurinsa wannan magana ce ta hankali, kuma ya riga ya yanke shawarar rabuwa da dabbobinsa. Na rasa ta inda zan fara. Na ce jirgin na gwamnati ne, ba a biyan kujera. Na ce wurin yana da nisa ƙwarai, sai an ƙetare ƙasar Chadi gaba ɗaya, hamada ce da ko raƙumi sai ya yi wata da watanni. Na ɗauki tsinke ina zana masa a ƙasa.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Da damina ka ce ba a kwana. Yau ka ce wata da watanni. Wanne ne ƙaryar?"

"Duka gaskiya ne, Baba."

"Wuri ɗaya ba ya zama kusa da damina ya zama nesa da rani."

Na je na ɗauko wani tsohon soja da ke ƙauyen, sa'an Baba, wanda kowa ke kira Kofur. Tare suka yi kokawa suna samari, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya zo yana dogara sanda, ya zauna a kan turmi.

"Kai tsohon banza, an ce kana neman mutuwa ba ka biya ni giyar da na ci ka a kokawa ba."

"Wa ka ci? Kai da ka faɗi tun ban taɓa ka ba."

Suka yi dariya, Baba yana tari. Sai Kofur ya gyara zama. "Ka ji, yaron nan ba laifinsa ba ne. Soja ba shi da ƙafar kansa. In an ce tsaya, tsayuwa ce. Ni na sani, na yi."

"Ka yi," in ji Baba. "Ranar da uwarka ta mutu, ina kake?"

"Ina Kaduna."

"Ka zo ko ba ka zo ba?"

"Na zo. Na tsallake waya na gudo. Da na koma aka kulle ni a gadurum, aka cire mini igiya."

"An kulle ka. Amma ka zo."

Kofur ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai. Da zai tafi na raka shi, a hanya ya ce mini, "Yaro, wa ya aike ka ka gaya masa awa? Da ka ce masa bayan teku ne, da yanzu yana yi wa ɗansa addu'a."

Ciwon ya ƙaru, muka kawo shi asibiti a Zuru. A nan ne na ga dama ta samu, don a gari waya tana kamawa. Na roƙi Ibo mai shago, ya ba ni wayarsa na wuni guda ba tare da ya karɓi komai ba. Ya ce, "Kai wa baba. Ni ma nawa yana can gida, na san abin." Yayana ya kira da la'asar kamar yadda muka shirya. Na miƙa wa Baba, ina cewa ga shi, ga muryarsa.

Bai karɓa ba. Ya juya fuska wajen bango.

"Wanda ke nan bayan gidana ba ya gaishe ni ta cikin akwati. In yana da magana ya zo."

Na kara masa a kunne da kaina. Ina jin muryar yayana ƙarama tana fita, "Baba! Baba, ni ne!" da yarenmu, yana kiran sunan da Baba ke kiransa da shi tun yana yaro. Baba ya rufe ido. Ya ɗaga hannu a hankali ya ture hannuna. Matar yayana ta karɓi wayar ta fita waje da ita, na ji tana cewa, "Barci yake yi, maigida, allura suka yi masa."

Da likita ya ce abin da za su iya sun yi, Baba ya ce a mai da shi gida. Muka mai da shi. Na rufe wurin aikina na tare a ƙauye. Kwanakin nan bai ƙara ambaton yayana ba, kuma in yaran suka ambaci babansu sai ya yi kamar bai ji ba. Wannan ya fi faɗansa yi mini ciwo. Na san abin da shirun yake nufi, don na ga ya yi wa wasu.

Wata rana da hantsi matar yayana ta tafi rafi da yaran, aka bar ni da shi a inuwar rumbu. Ina ba shi kunu da cokali. Ya kauda kai, ya kama wuyan hannuna. Ƙarfin da ya rage masa duka yana cikin riƙon nan.

"Auta, na yi tunani. Yaron nan ni na haife shi. Yana ɗan shekara goma ya tako daga makaranta da zazzaɓi a jikinsa don an ce masa maciji ya sare ni. Bai taɓa jin ina ciwo ya zauna ba."

"Haka ne, Baba."

"To in yana da rai, a wurin da ba a kwana, da ya zo. Ko za a kulle shi, da ya zo." Ya numfasa. "Yaushe aka kashe shi?"

Cokalin ya faɗi daga hannuna.

"Kada ka ji tsoro. Na gane tun a asibiti. Kun sa wani ya yi muryarsa a akwatin nan don kada zuciyata ta buga. Kun yi don ni ne, ban ji haushi ba. Amma ni ba yaro ba ne. An binne shi da kyau? An yi masa addu'a?"

Fuskarsa ta sake. Duk ɗaurewar da ta yi makonni ta tafi, idanunsa suka cika da hawaye, yana kiran yayana da sunan yarinta, yana cewa ɗana, ɗana na kirki, na zarge ka a banza. Ni kuwa ina durƙushe da kwanon kunu. Kalma biyu ce kawai a bakina: yana raye. In na faɗe ta, na mayar masa da ɗan da ya ƙi zuwa. In na yi shiru, ya tafi da ɗan da yake ƙauna, amma matacce. Ban yi dogon tunani ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Tsoro ne ya riƙe ni, tsoron in ga fuskar nan ta sake ɗaurewa ta dalilina. Na yi shiru. Ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

Da matar yayana ta dawo da tulu a ka, ya kira ta. Ya ɗora hannu a kanta ya ce, "'Yata, kin yi ƙoƙari, kin ɓoye hawayenki saboda ni. Gonar gindin dutse ta yaran nan ce, ba mai taɓa ta. Mijinki mutumin kirki ne. Na sa masa albarka, Allah ya karɓe shi."

Ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane. Ta ja ni bayan ɗaki.

"Me ka gaya masa? Mijina yana raye kake barin ana yi masa addu'ar matattu? A gaban 'ya'yansa?"

"Ban ce komai ba."

"Shi ne ai! Je ka faɗa masa!"

"Ke je ki faɗa masa."

Ta tafi har bakin rumbun. Baba ya jawo ƙaramin yaron ya kwantar da shi a ƙirjinsa, yana shafa kansa, yana yi masa waƙar da ake yi wa marayu a wajenmu. Ta tsaya tana kallo. Sai ta juya ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa. Daga ranar ba ta ƙara kallon idona ba har Baba ya cika, ni ma ban nemi ta kalla ba.

Bai daɗe ba bayan wannan. Ya tafi cikin natsuwa, da safe, yana cewa zai je ya tarar da su biyu, Inna da ɗansa.

Yayana ya dawo ana shirin shuka. Ya rame, ya yi baƙi. Ya ajiye jakarsa bai ko sha ruwa ba ya ce in kai shi. Muka hau zuwa inda aka binne Baba, kusa da Inna. Ya cire hula ya tsaya.

"Ƙane, ranar nan a asibiti ba barci yake yi ba. Na ji numfashinsa. Na ji lokacin da ya ture wayar." Bai dube ni ba. "Da fushina ya tafi?"

"A'a, Yaya. Ya sa maka albarka."

"Kada ka lallashe ni. Na san Baba."

Sai na gaya masa. Na fara daga bunsurun da kujerun jirgi, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Na gaya masa maganar Kofur. Na gaya masa ranar kunu, da tambayar da Baba ya yi, da shirun da na yi. Ban rage komai ba.

Ya zauna a ƙasa, a kan jar ƙasar kabarin, da kakinsa.

"Ya yi mini kuka?"

"Ya yi."

"Yana tsammanin na mutu."

"E."

Ya ɗebi ƙasa a hannu yana murzawa. "Duk ranar da aka yi harbi a can, abin da nake cewa a raina shi ne, kada tsohon nan ya ji an kashe ni. Shi kaɗai nake roƙo. Ashe ya ji."

"Yaya, na ga kamar ya fi masa sauƙi."

"Shi, wataƙila." Ya ɗago ya dube ni, ba da faɗa ba. "Ni da ka bar shi ya zage ni. Da ka ce masa ina raye, ya tsine mini, ya san dai ina nan ina neman hanyar zuwa."

Ya ce in sauka, zai biyo ni. Na sauka na bar shi a can. Da na waiwaya daga gindin dutsen, na hango shi ya matsa kusa da kan kabarin, bakinsa yana motsi, yana nuna gabas da hannu, yana yi wa Baba bayani.